Ranar da Ɗanjuma Ya Ce Ya Kasa

Kai mai waya a kunne, ɗan sauke ta. Na ji abin da ka faɗa wa abokinka, tsufa na yi ba kurmancewa ba. Ka ce haƙar rijiya ba sana'a ba ce, rami ne kawai, ko gafiya ma tana yi. To madalla. Gobe zan kai ka nan bayan unguwar Barade, akwai wata da muka haƙa, in ka jefa dutse a ciki sai ka je ka sha shayi, ka yi gardamar ƙwallo, ka dawo, sannan ka ji ya faɗa ruwa. In zura ka ciki, ka ɗaga kai ka ga sararin sama ya koma kamar bakin kofi. A nan za ka gaya mini maganar gafiya.

Ku matso, ku ma masu dariyar. Kayan aikinmu dai ba su da yawa, gaskiyarku a nan. Diga mai gajeriyar ƙota, don a ƙasa babu filin da za ka ɗaga hannu ka yi burga. Dagi, shebur da aka datse wa ƙota, guduma da cizal saboda ranar da aka ci karo da dutse, kuma a ƙasar Jalingo dutse ba ya yi wa kowa sallama. Bokitin ƙarfe. Kura, wato ƙarfen nan mai juyawa da igiya ke bi ta kansa, a rataye tsakanin itatuwa a bakin rami. Fitilar ƙwai, wadda muke zurawa da safe kafin mutum ya shiga. In ta mutu a ƙasa, iskar wurin ta lalace, babu mai sauka. Sai igiya. Duk sauran za ka iya koyonsu kafin azahar. Igiya kuwa, ni na yi furfura a kanta.

Rijiyata ta farko a Kona ce, nan kusa da Jalingo, a ƙarƙashin maigidana marigayi Malam Garba. Bakano ne, ni kuma kakana daga Zariya ya zo garin nan da kayan koli, to kun san wasan da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi. Ranar da aka kai ni wurinsa ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Bazazzagi? Wannan ba zai iya haƙa ba, sai dai surutu. A ba shi igiya ya riƙe, ko bakinsa ya huta.” Na riƙe igiya har tafin hannuna ya koma kamar ƙasan silifa. Damina ta zo ta wuce, rani ya zo ya wuce, ban taka ƙasan rijiya ba. Ina ta ƙorafi a raina, ashe babban aikin aka ba ni.

Malam Garba yana da wata al'ada. Kullum da safe, kafin a taɓa diga, sai a sayo ƙosai a zuba a kwano ɗaya, kowa ya tsuguna a ci tare. Shi ba ya ci. Yana gefe da asawakinsa yana kallo. Ni na ɗauka rowar Kanawa ce, ba ya son sayen kwano na biyu. Na faɗa masa haka kuwa. Ya yi dariya har asawakin ya faɗi, sannan ya ce, “Kai dai sakarai ne. Wanda ya ci da sauri, gidansa an kwana da yunwa, ba na sa shi fasa dutse da safe. Wanda ya ƙi ci, da magana a cikinsa. Mutum biyu kuma da hannayensu ke kauce wa juna a cikin kwano, ba na haɗa su a igiya ɗaya ranar.”

Na ce, “Wai wani zai saki wani ne?”

Ya ce, “Babu mai sakin kowa. Amma mai fushi ba ya ji. Igiya tana motsi a hannunsa, shi yana can cikin kansa yana shirya amsar da zai mayar.”

Ka ga, na ƙasa ba shi da bakin magana sai igiya. In ya ja ta a hankali, a ɗauke bokiti. In ya girgiza ta da ƙarfi, a fito da shi, yanzu-yanzu, babu tambaya. Rayuwarsa ke nan gaba ɗaya, a hannun wani mutum da ba ya ko ganin fuskarsa.

Masu ba da aiki kuma wani karatun ne daban. Akwai wani mai fansho da ya rantse sai an haƙa masa rijiya dab da masai, wai don kada matarsa ta sha tafiya. Da na ce masa bai da hankali, da ya kore mu. Sai na ce, “Baba, mutum irinka da ya riƙe ofis, ai rijiyarka a gaban gida ta dace, duk mai wucewa ya san nan ne gidan manya.” Shi da kansa ya ɗauki sanda ya je ya zana mana wuri a ƙofar gida, yana faɗa mana illar masai kamar shi ya gano. Akwai kuma masu leƙowa kowace safiya, “An kai ruwa?” Ka ce saura kaɗan. Su je su yi fitsari su dawo, “Yanzu fa?” Irin waɗannan in ka harare su sai su ce ka raina su, in ka yi musu dariya sai su ce ka ci amanarsu. Sai dai ka miƙa musu dunƙulen ƙasa mai ɗan laima ka ce su shinshina. Suna shinshinawa sun zama injiniya, sai su bar ka ka yi aiki.

To sai shekarar da motocin bohol suka cika gari. Mota ta zo da safe da ƙararta, kafin magariba ruwa na tsiri. Mu da muke kwashe makonni muna tonon ƙasa kamar masu neman allura, wa zai kalle mu? Malam Garba ya riga ya rasu, aikin yana hannuna. Mutanena suka watse, wasu suka kama tuƙin keke, wasu suka koma gonar doya. Muka rage mu uku.

Akwai Ɗanjuma, ɗan ƙabilar Mumuye, ƙato ne wanda in ya shiga keke sai direba ya nemi kuɗin mutum uku. Shekara da shekaru shi ne na ƙasa, shi ke fasa dutsen da ya gagari kowa. Amma jiki ya buɗe, gwiwa ta fara ƙara, rijiyoyin da ake ba mu kuma matsattsu ne na masu ƙaramin ƙarfi. Sai na mai da shi bakin rami kan igiya. Bai ce komai ba, amma ni na ga yadda yake kallon diga in an miƙa wa wani.

Wanin kuwa shi ne Buba, Bafulatani, siriri kamar sandar kiwonsa. Ciwo ya shiga garkensu ya share shanun, ya shigo gari neman abin yi. Ba ya magana. In ya sauka ƙasa sai ka ji yana wani ɗan fito na makiyaya, a hankali, diga na amsa masa. Kuma kun san Fulani da kunya. Bafulatani zai taka ƙaya ta fito ta saman ƙafa, ka tambaye shi, ya ce maka jam ni, wato lafiya lau.

Ni kuma a lokacin hannuna na dama yana ɗaure cikin kara. Keke ya kayar da ni, mai ɗori ya naɗe ni kamar ƙunshin daddawa. Ko buta da hagu nake ɗauka.

Aikin da muka samu a hanyar Sunkani ne, gidan wata Mama Laraba mai injin niƙa. Injin yana nan tsakar gida kusa da inda muke haƙa, mata kullum a layi da kwanonin masara da dawa. Mun yi zurfi sosai, ƙasa ta fara laima, ba mu sa ringin siminti ba tukuna. Ga damina ta kunno kai. Ruwa ɗaya mai ƙarfi ya isa ya rufta mana aikin duka.

Wata la'asar Buba ya fito daga ramin, ƙasa har cikin kunne. Mama Laraba ta miƙa masa kunu a babban kofi, ta ce wa matan layi, “Ku ga namiji. Jiki ba yawa, aiki kamar inji.” Matan suka yi shewa. Ɗanjuma yana naɗe igiya. Sai na ji ya ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji:

“Wane namiji? Wannan da iska ke ɗauka? Ni lokacin da nake ƙasa, tun safe har yamma ba na girgiza igiya. Shi rana na yin zafi kaɗan, a fito da ni, a fito da ni. Da ƙarfi ne da shi ai da bai bar shanu sun ƙare a hannunsa ba.”

Shewa ta tsaya. Buba ya ajiye kofin, bai sha ba. Ya wanke ƙafarsa, ya yi mana sai da safe, ya tafi.

Washegari na zuba ƙosai a kwano. Ɗanjuma ya ɗauka daga wannan gefe, Buba ya jira sai da hannun ya fita sannan ya ɗauki ɗaya daga can ƙarshe, ya riƙe shi bai ci ba. Na ja Ɗanjuma gefe, ya ce shi wasa ya yi. Na ja Buba gefe, ya ce babu komai. Na duba sama, hadari yana taruwa ta gabas baƙi ƙirin. Na duba hannuna a cikin kara. Na ce yau a huta. Su biyun suka ce a'a a tare, abu ɗaya ke nan da suka yarda a kai ranar. Buba ma har ya riga ya sa ƙafa a madaukin igiya. Muka zura fitila, ta ci lafiya lau. Na ce to, amma ni ba zan matsa daga bakin ramin nan ba ko gobara ta tashi.

Da hantsi komai daidai. Bokiti na fitowa cike. Da rana ta take, iska ta tsaya cak, irin tsayawar da take yi kafin ruwa. Mama Laraba ta tada inji, matan sun yi yawa ranar, kowa na son ta niƙa kafin hadari. Hayaƙin da kullum iska ke kwashewa ya rasa inda za shi, ya kwanta a tsakar gida.

Abin da na fara lura da shi, bokiti ya fito rabi. Buba ba ya aiko rabin bokiti. Na biyu ya fito da ƙasa ɗan kaɗan a gindi. Na kwanta da ciki na kasa kunne. Diga na sara, amma tsakanin sara da sara sai ka yi salati ka gama. Fito kuma babu.

Na daka wa Mama Laraba tsawa ta kashe inji. Ta fara cewa garin mutane na ciki, ta ga fuskata, ta kashe. Gidan ya yi tsit.

“Buba! Lafiya?”

Na ƙara kasa kunne. Sannan daga can ƙasa, kamar mai magana cikin tulu: “Jam ni, Kawu.”

Na zura fitila da siririyar igiya. Ba ta kai inda yake ba harshen wutar ya yi ja, ya ƙanƙance, ya mutu.

Yanzu ku gane lissafin. Igiyar da ke ƙasa bokiti ke jikinta. Kafin a jawo mutum sai shi da kansa ya kwance bokitin, ya sa ƙafa a madauki, ya ɗaura ɗamara a ƙirji. In ya suma kafin ya yi haka, sai wani ya sauka ya ɗaure shi. Ni hannu ɗaya. Ɗanjuma in ya shiga ramin nan sai dai a haƙa wata rijiyar a gefe a ciro shi. Sauran duk mata ne da goyo. Dole Buba ya fito da yardarsa, kuma tun yana gane sunansa.

Na sa muryar wasa, na kira shi da sarautar Fulani. “Jauro, fito mu ci abinci, Mama Laraba ta yi tuwo da miyar kuka har da man shanu.”

“Na ƙoshi.”

“To fito in ga ƙasar da ka kai, ina son in auna.”

“Aiko da igiyar awo.”

Na ajiye wasa. “Buba, ni ne ogan aikin nan. Iska ta ɓaci. Na ce ka fito.”

“Bari in ƙarasa gefen nan, Kawu.” Diga ta sara sau ɗaya, na ji ta zame ta faɗi.

Ɗanjuma ya leƙa, jijiyar wuyansa ta tashi. “Kai mahaukaci! Girgiza igiya mana! So kake ka mutu a kaina? Taurin kan banza!”

Na damƙe masa riga da hagu na jawo shi baya. Duk da haka bai saki igiyar ba. A nan na tabbata ba ƙiyayya ba ce, tsoro ne ya fito masa ta hanyar da ya saba.

Na ce masa a hankali, “Duk ihun da ka yi, ƙara ɗaure shi kake a ƙasa. Jiya a gaban matan nan ka ce shi mai girgiza igiya ne. Yau ga matan, ga ka a kan igiya. Wallahi zai mutu a can bai girgiza ba.”

“To in ce ya yi haƙuri?”

“In ka ce ya yi haƙuri, ka nuna ka san ya gaza, kana tausaya masa. Zai ce babu komai, ya ci gaba da zama.”

“To me zan yi, Oga Sale? Faɗa mini!”

“Ba zai fito don kansa ba. Amma zai fito don wani. Ka ce kai ne ka kasa.”

Ya kalle ni kamar na ce ya tuɓe a kasuwa. Mutumin da ya taɓa ɗaukar ringin siminti shi kaɗai don an yi masa gardama. Mutumin da duk abin da ya rage masa a sana'ar nan shi ne sunan ƙarfi. Ya waiga. Matan sun kewaye mu, har da waɗanda suka yi shewa jiya, kowacce ta riƙe baki.

Na ce, “Da ƙarfi. Sai sun ji, don ya san sun ji.”

An yi tsawa can gabas. Ɗanjuma ya durƙusa a bakin ramin, gwiwar nan ta yi ƙara.

“Buba.” Ya sake. “Buba! Bayana ya riƙe. Tun safe nake ɓoyewa. Ja ɗaya ya rage mini a jiki, in ka ƙara daɗewa ba zan iya fito da kai ba. Na kasa, Buba. Na kasa. Ka taimake ni ka fito, don Allah.”

Babu amsa. Wata mata ta fara salati, Mama Laraba ta toshe mata baki da gefen zani. Na ɗora yatsuna a kan igiyar. Ba motsi. Na kira sunansa, shiru. Ɗanjuma ya fara cire riga, wai zai gwada shiga, na taka masa ƙafa.

Sai igiyar ta ɗan yi nauyi, ta saki. Na ji ƙarar bokiti ya faɗi gefe. Aka daɗe ana fama da ƙulli, irin daɗewar mai maye yana neman aljihunsa. Sannan murya, da ƙyar:

“To. Tunda kai ne.”

Ai ban taɓa ganin ja irin na ranar ba. Mai ciwon bayan nan ya finciki igiya har kura na hayaƙi. Matan suka zubar da kwanoni suka kama wutsiyar igiyar a bayansa, Mama Laraba na ba da umarni kamar sajan. Ni ina kwance a baki ina ihu a sassauta kada a fasa masa kai a bango. Kansa ya ɓullo, leɓɓansa sun yi fari kamar ya ci toka, ɗamarar ma a karkace ya ɗaura ta. Ɗanjuma ya sungume shi da hannu ɗaya ya kai shi gindin mangwaro. Aka yi ta fifita da faifai da murfin kwano. Ya yi amai, ya yi tari, idonsa ya dawo.

Ya dubi Ɗanjuma da ke tsaye a kansa yana haki. Abin da ya fara cewa: “Yaya bayan?”

Ɗanjuma ya manta ma. Sai da na zungure shi da kara, sannan ya dafe ƙugu ya lanƙwashe. “Wash! Da sauƙi. Da sauƙi kaɗan.”

Muka rufe bakin ramin da kwanon rufi da leda, muka tare gefe da ƙasa. Aka yi ruwa kamar ana juye ganga, rijiyar ba ta rufta ba. Na sa aka kai Buba asibiti duk da yana cewa jam ni, na kuma sa Mama Laraba ta mai da injinta ƙofar gida kafin mu sake sauka.

Abin da ya biyo baya shi ne hukuncin Ɗanjuma. Dole ya ci gaba da ciwon baya. Mako guda yana tafiya a karkace, in ya manta ya miƙe sai ya hango Buba ya sake lanƙwashewa. Wata rana ma ya dafe ɓangaren da ba shi ba. Buba kuma ya je rugar danginsa ya samo man shanu a kwalba, ya kawo masa ya ce a riƙa shafawa da dare. Ɗanjuma ya karɓa da hannu biyu. Shi ya san Buba ya sani. Buba ya san ya san ya sani. Har yau da nake muku maganar nan babu wanda ya taɓa tayar da zancen a cikinsu. Buba ne ke da aikin yanzu, Ɗanjuma ke yi masa ringi, kuma in za a sauka rami mai zurfi, babu wanda Buba ke yarda ya riƙe masa igiya sai mai ciwon bayan nan.

Safiyar da muka koma aiki na zuba ƙosai, na koma gefe da asawakina. Suka ci, suka ci, ya rage guda ɗaya a tsakiyar kwano. Ɗanjuma ya tura wa Buba da yatsa. Buba ya turo masa. Ya sake turawa, ya sake dawowa. Na ga in na bar su za a kai la'asar, ga hadari. Na miƙa hagu na ɗauke na jefa a baki, na ce, “Ku tashi, a zura fitila.”

To kai mai waya, har yanzu kana son zuwa gobe? Ka zo da sassafe. Ba diga zan ba ka ba, ba kuma igiya ba. Za ka tsuguna a gefe ka kalli mutanen Buba su huɗu suna cin ƙosai, in sun gama ka gaya mini wa zai sauka, wa zai riƙe shi.